Kan Jirgin da Na Saya wa Baba

Daga wurin Allah muka zo, wurinsa kuma za mu koma. Baba ya riga mu tafiya ranar wata Talata, tsakanin azahar da la'asar, yana zaune a kujerarsa ta shago da sukundireba a hannu. Telan da ya kawo masa keke gyara ya ce shi ya zaci gyangyaɗi ne, har ya rage murya don kada ya tashe shi.

Kafin in iso daga makarantar da nake koyarwa, layinmu na Fagge ya cika. Tun da aka haife ni ban taɓa jin layin nan babu ƙarar keken ɗinki ba sai ran nan. Teloli sun bar ɗinkin mutane a kan tebur sun fito, wasu da tef ɗin awo rataye a wuya, sun manta ba su cire ba. Wani dattijon tela da suka yi shekara arba'in suna musu da Baba a kan komai, daga ingancin allura har ranar ganin wata, ya jingina da bangon gidanmu yana sharar hawaye da hula, yana cewa, "Yanzu da wa zan yi gardama?"

A cikin gida mata sun cika tsakar gida har bakin madafi. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta shigo ba ta gai da kowa ba. Ta wuce ɗakin da aka kwantar da shi, ta zauna a gefensa tana yi masa magana da Kanuri, yaren da mu 'ya'yansa ba mu tsinci komai a cikinsa ba sai gaisuwa da zagi. Matar liman ta kama hannuna ta ce, "Ki yi haƙuri, Malama. Mutumin kirki ya tafi, ba shi da abokin faɗa." Wata maƙwabciyarmu ta amshe, "Malam ai ko ƙuda bai taɓa zalunta ba." Ina gyaɗa kai ina cewa amin.

Da za a yi masa salla, Yaya ya tsaya a ƙofar gida ya ɗaga murya, har mu da ke ciki muka ji. Ya ce duk wanda Baba ya taɓa ɓata wa rai, da saninsa ko ba da saninsa ba, ya yafe masa don Allah. Maza suka amsa gaba ɗaya, "Mun yafe." Na kasa kunne ina neman murya ɗaya a cikin muryoyin nan, ban ji ta ba.

Malamai sun sha gaya mana cewa abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, Allah yana yafewa in Ya so, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. To, akwai mutum ɗaya a Sabon Gari da Baba ya ci wa mutunci a gaban jama'a a kan laifin da bai yi ba, ya kuma tafi kabari bai nemi yafiyarsa ba, don bai san ya zalunce shi ba. Ni na sani. Ni na jawo.

Amma bari in fara gaya muku wane ne Baba, don kada ku san shi da wannan kaɗai.

Daga Nguru ya zo Kano yana saurayi, a jirgin ƙasa, kuma tun daga ranar jirgi ya shiga ransa bai fita ba. Ya je neman aikin tuƙin jirgin. Aka zaunar da shi aka ɗaga masa jan gilashi da kore, aka ce ya faɗi wanne ne wanne. Baba ya duba, ya sake dubawa, ya ce shi dai duk ɗaya yake gani. A ranar ya san idonsa ba ya raba ja da kore. Aka ce ya je ya nemi wata sana'a, sai ya koyi gyaran keken ɗinki. Da dariya yake ba da labarin nan, amma na lura bai taɓa kai shi ƙarshe ba, sai ya tashi ya ce zai duba wani abu a shago. Har Inna, mahaifiyarmu, ta rasu ita ke zaɓar masa hular da za ta shiga da riga, in ba haka ba sai ya fita kamar tutar 'yan siyasa.

Mutumin Sabon Garin nan Ibo ne, haifaffen Kano, mai sayar da kayan wasan yara na gwanjo a kasuwa. Mu Papa muka taso muna kiransa. Wata rana ya kwance dila ya tarar da ƙaramin kan jirgi na ƙarfe, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, ya rasa yadda zai tayar da shi. Aka ce masa akwai wani mai gyaran keke a Fagge da hannunsa ba ya barin inji a mace. Ya kawo. Baba ya kwana uku a kansa, ya tayar da shi, sannan ya ce ba zai mayar ba sai dai a sayar masa. Daga ranar Papa ya sa masa suna Direba. Duk duniya shi kaɗai ke kiransa haka, kuma Baba yana amsawa da sauri fiye da yadda yake amsa sunansa na yanka.

A ɗakin da ke kusa da soro ya kafa duniyarsa. Ya ɗora tsohon ƙyauren ƙofa a kan benci biyu, ya shimfiɗa layin dogo ya kewaye, ya yi tasha da kwalin ashana, ya yi gada da ƙarfen laima. Saboda ɗauke wuta, da batirin babur yake ba jiragensa abinci. Abin da ya fi ba mutane dariya shi ne da ƙafa yake tuƙi: ya ɗauki fedar keken ɗinki na lantarki ya sake mata ciki, in ya taka a hankali jirgi ya taso a hankali, in ya ɗaga ƙafa ya tsaya. Kullum bayan la'asar yana can. Ba ya hira in yana tuƙi, kuma ba ya son a taɓa tarago jirgi yana tafiya. In ka matsa masa da surutu sai ya ce, "Fasinja, a koma a zauna."

Inna ba ta taɓa yarda abin nan hankali ne ba. Takan tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu ta ce, "Malam, mutane suna kiwon tumaki, kai kana kiwon ƙarfe. Wanne za mu yanka da Salla?" Sau ɗaya suka yi faɗa na gaske a kai, ranar da ya dawo da kan jirgi ya manta da cefane. Kwana biyu tana ajiye masa abinci ba ta ce masa sannu ba. A na uku suka yi sulhu a kan doka ɗaya: kada kan jirgi ya wuce kuɗin cefanen kwana biyu. Baba ya riƙe dokar nan kamar farilla. Daga baya ma ya mai da ita abin alfahari. Yakan ce mai kuɗi saye yake yi, shi kuwa zaɓe yake yi.

Asabar ce ranarsu, don Juma'a ta Baba ce, Lahadi ta Papa. Da hantsi sai ya sa batir a tsohuwar jaka, ya saɓa wani katako da ya kafa wa guntun layin dogo, ya nufi Sabon Gari ta shataletalen Bata a ƙafa. Ina 'yar makarantar sakandare nakan bi shi, ba don jirgi ba, don Papa yana saya mini gyaɗa da ayaba. Papa zai riga ya ware duk kan jirgin da ya fito daga dilar makon, ya jera su a tebur, ya harɗe hannu yana jira.

Baba ba ya kallon fenti. Me zai gani a ciki? Sai ya ɗora kan jirgi a tafin hannu ya auna. In ba shi da nauyi ya ajiye shi gefe, ya ce wannan tarago uku za su sa shi santsi. In ya ji nauyi sai ya kifa shi ya duba ƙafafun: na ƙarfe ne ko na roba, dukkansu ke jan wuta ko biyu ne kawai ke aiki sauran rakiya suke yi. Ya murza su da babban yatsa kusa da kunnensa, yana sauraron ko akwai haƙorin giya da ya tsage. Sannan ya kai hanci ya shinshina. Wanda cikinsa ya taɓa ƙonewa, in ji shi, ko an wanke shi da turare sai ya faɗa. Mutane kan taru suna kallon dattijo da farin gemu yana shinshina kayan wasa, shi ko a jikinsa.

Wanda ya tsallake duk wannan shi ake ɗora wa a kan katako. Nan ne Papa yake fara zufa, don Baba ba gudu yake nema ba. "Kowane tarkace yana iya gudu," yakan ce. "Ni mai iya rarrafe nake nema." Sai ya cika murfin kwalba da ruwa ya ɗora a saman kan jirgin, ya ba shi wuta 'yar kaɗan. In ya taso sumul, ya ja jiki daga wannan ƙarshen katako zuwa wancan ruwan bai zube ba, Baba ya ce, "To, wannan ɗan halak ne." In ya yi fizga ruwa ya fantsama, Papa ya kama kai ya ce, "Direba, ka kashe mini kasuwa."

Akwai tambaya ta ƙarshe da ba ya tsallakewa: "Yana da 'yan'uwa?" Nufinsa, irinsa yana yawan fitowa a dila? Ya fi son irin da aka yi da yawa, wanda ba wanda ke yi wa kallo na biyu, don ranar da giyarsa ta ci, za a sami mataccen ɗan'uwansa a cire a sa masa. Komai kyawun kan jirgi, in shi kaɗai ne irinsa, Baba ba ya saya. Shi ya sa yake da kwali guda a ƙarƙashin benci cike da matattu, waɗanda Papa ke ba shi kyauta ko a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Shekarar da mahaifiyar Papa ta rasu a can garinsu, ya rasa wanda zai bar wa rumfa. Baba ya rufe nasa shagon, ya je ya zauna masa mako biyu. Teloli suka yi ta ƙorafi, ya ce su yi ɗinkin hannu kamar kakanninsu. Sai dai Baba ba ɗan kasuwa ba ne. Duk wanda ya ɗauki abin wasa sai ya gaya masa aibinsa: wannan motar ƙafarta za ta fita kafin ka kai gida, wannan 'yar tsanar an liƙe wuyanta da gam. Papa ya dawo ya tarar da kayansa kusan yadda ya bar su. Ya zauna a kan dila ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Direba, na binne uwata, kai kuma ka binne mini rumfa." Amma ran nan da kansa ya rako Baba har Fagge, ya durƙusa ya gai da Inna, ya ci tuwonta da miyar kuka har ya nemi ƙari.

Haka suka yi shekara talatin. Sannan Inna ta rasu.

Baba bai yi kuka a gabanmu ba. Ɗakin jirgi kawai ya rufe. Bayan la'asar sai ya zauna a soro yana kallon bango, hularsa ba ta shiga da rigarsa ba, ba wanda ya iya gaya masa. Wata biyar ana haka. Ni kuma a lokacin aka ƙara mini girma a wurin aiki, kaina ya ɗan kumbura, na ce ni zan dawo da Baba cikin hayyacinsa. Na tafi wurin Papa ni kaɗai.

A saman rumfarsa na hango shi, sabo fil a kwalinsa, baƙi mai ratsin ruwan zinariya. Yana da fitila, yana busa, har hayaƙi yake fitarwa. Kuɗinsa ya kai cefanen wata guda. Na ce a sauko mini da shi.

Papa ya ce, "Wa za ki saya wa?"

Na ce, "Baba."

Ya girgiza kai. "'Yata, wannan ba na Direba ba ne. Na ajiyewa a kabad ne, baƙi su gani. Ɗauki ki ji, ba nauyi. Cikinsa duk roba ce, kuma shi kaɗai ne irinsa, tun da nake ban ga na biyu ba. Ki kawo mini babanki ranar Asabar ya zaɓa da kansa. Fitowar ma ita ce maganin."

Da na ji maganar nan da yanzu ba na wannan rubutu. Amma ni ce, mai taurin kai tun ina goye. Na ce, "Papa, kuɗina ne ko naka? Ko gani kake ba zan iya biya ba? Shekara talatin kuna ba shi tsofaffi, yau dai ya riƙe sabo."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya sauko da shi ya sa a leda. Ya ce, "To. Amma in ya tambaye ki, ki gaya masa na ce kada ki saya."

Na ce zan gaya masa. Har da rantsuwa.

Da yammar ranar na kai masa, Yaya da matarsa suna nan. Wallahi ya yi murna. Ya tashi da kansa ya ɗauko mabuɗi ya buɗe ɗakin, ya kakkaɓe layin dogo da gefen rigarsa. Na ga lokacin da ya auna shi a hannu fuskarsa ta ɗan canja, amma bai ce komai ba, saboda ni. Ya ɗora shi, ya haɗa masa tarago huɗu, ya taka feda. Fitila ta kama, hayaƙi ya tashi, ya yi busa. Ya kewaya sau ɗaya, sau biyu. A na uku, wajen hawan gada, sai muka ji ƙarrr, inji yana kuka ƙafafu ba sa juyawa. Baba ya kwance shi nan take. Giyar robar ta cinye, haƙoranta sun zube kamar gari.

Ya ɗago ya ce, "A ina kika samo shi?"

"Wurin Papa."

"Ya san ni za ki kawo wa?"

"Ya sani, Baba."

"Kuma bai ce miki komai ba?"

Yaya ya riga ya fara dariya, yana cewa Malama an yi sayayyar manya. Matarsa ta rufe baki da mayafi. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Ni mai ilimin gidan, a ce an gargaɗe ni na ƙi ji? Sai na girgiza kai.

Kai kawai na girgiza. Shekara uku ina gaya wa kaina ai ban buɗe baki na yi ƙarya ba, kuma na san wannan ma ƙarya ce.

Washegari da safe ya sa Yaya ya ɗauke shi a babur zuwa Sabon Gari. Yaya ne ya ba ni labarin. Ya ce Baba ya dire kan jirgin a tebur, gaban maƙwabtan rumfa da masu ciniki, ya ce, "Yarinyar nan a gabanka ta girma. Uwarta ko wata shida ba ta yi a ƙasa ba, ka dube ta ka sayar mata da shara. Ashe duk shekarun nan ba amana ce tsakaninmu ba, batirin da ke cikin jakata kake tsoro."

Papa ya ce, "Direba, abin da ta gaya maka ke nan?"

Baba ya ce, "'Yata ba ta iya ƙarya ba."

Baba ya juya ya hau babur. Kafin mako ya zagayo, duk Fagge an san labarin Ibon da ya cuci 'yar Malam.

Abin mamaki, daga ranar ya koma tuƙi. Fushi ya yi masa abin da kyautata ta kasa. Amma bai sake taka Sabon Gari ba, kuma duk Kano ba wani mai kawo irin kayan. Yana da kan jirgi bakwai. In ɗaya ya samu matsala sai ya jawo kwalin matattu ya ciro abin gyara. Kwalin ya yi ta raguwa har ya ƙare. Daga nan ya fara kashe ɗaya don ya raya ɗaya. Bakwai suka koma biyar, biyar suka koma uku. A shekarar ƙarshe guda ɗaya ya rage, yana lallaɓa shi da ɗigon man keke a bakin allura, ba ya haɗa masa fiye da tarago biyu.

Asabar ce ta fi yi mini ciwo. Da hantsi zai yi wanka ya sa riga mai kyau, ya fito ya zauna a dakalin ƙofar gida, ba inda za shi. Wata Asabar na kawo masa fura, ya karɓa ya ce, "Yanzu haka ya kwance dila." Bai faɗi suna ba. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, maganar tana kan harshena. Sai ya dube ni ya ce, "Allah Ya yi miki albarka. Ke ce ba ki taɓa ba ni kunya ba." Na haɗiye maganata na ce amin. Na ce sai mako mai zuwa. Na ce sai bayan azumi. Na ce sai ya warke daga tarin da yake yi. Ina ganin kamar ni ke riƙe da kwanakinsa.

Kwana ukun zaman makoki idona yana kan ƙofa. Duk wanda ya shigo ya ce ana sallama da Yaya a waje sai in ɗauka mutumin Sabon Garin ne. Papa bai zo ba. Ranar sadakar uku da yamma, bayan mutane sun ragu, na sami Gwaggo da Yaya a ɗakin Baba na gaya musu komai. Yaya ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ni na kai shi a babur." Daga nan ya tashi ya fita wurin telolin da ke zaune a tabarma, na ji yana gaya musu cewa mutumin nan bai cuci kowa ba. Gwaggo ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa ta yi, "Ɗan'uwana yana kwance da nauyin mutum a kansa, ke kina zaune kina ba ni labari? Gobe da safe ki tafi."

Na hau a-daidaita-sahu, muka maƙale a cunkoson Bata tsakanin masu turin dilolin atamfa na kasuwar Kwari, har na sauka na ƙarasa a ƙafa. Rumfar tana inda take. Papa ya tsufa, kansa ya yi fari fat, ya sa tabarau. Yana ganina ya miƙe, ya jawo mini benci.

"'Yata, ya haƙuri?"

"Da godiya, Papa. Ashe ka ji."

"Ranar na ji. Washegari na rufe rumfa na zo har bakin layinku. Na ga mutane a tabarma, na san abin da suke kirana. Na ce kada in mai da makokin Direba wurin kallo. Na tsaya na yi masa addu'a irin tamu, na dawo."

Na sauka daga benci na durƙusa a ƙasa, a cikin ledoji da ƙafafun 'yan tsana. Na gaya masa abin da ya riga ya sani: Baba ya tambaye ni, na girgiza kai. Na ce Baba ya rasu bai san gaskiya ba. Na ce, "Papa, me ya sa ba ka faɗa masa ba?"

"A tsakiyar kasuwa in ce 'yarsa ta yi ƙarya? Mutumin da ya binne matarsa?" Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Na ce yarinya ce, kunya ta kama ta, gobe za ta zo. Na ba ki mako. Na ba ki wata. Shekara guda cur duk dilar da na kwance ina ware masa irin nasa in ɓoye a ƙarƙashin teburin nan. Daga baya na sayar."

Sannan ya ce, "Shi ma ya ba ni haushi, ba zan ɓoye miki ba. Kan jirgi na banza sai ya ba shi awa guda kafin ya yanke masa hukunci. Ni ko minti biyar bai ba ni ba."

Na ce abin da ya kawo ni ke nan. Na gaya masa a addininmu mamaci ba ya kuɓuta daga haƙƙin mutum sai mutumin ya yafe da bakinsa. Na ce, "Don girman Allah, Papa, ka yafe masa."

"Mu ma ana gaya mana irin wannan a coci," in ji shi. Ya dubi tebur, wurin da Baba ke ajiye katakonsa. "Na yafe masa. Direba ba shi da komai a wurina. Ki gaya wa yayanki, ki gaya wa limaminku in ana gaya masa. Na yafe masa duniya da lahira."

Nan kukan da na kasa yi kwana huɗu ya zo. Ya bar ni na yi, bai ce in yi shiru ba. Wata mata ta tsaya tana tambayar kuɗin wata jar mota, ya ce ta dawo an jima. Da na samu numfashi na ce, "Ni fa, Papa?"

Ba fushi a fuskarsa, gajiya kawai.

"Shekara uku kika ɗauke mini, 'yata, kuma su ne na ƙarshe. Shi ya tafi, ba zai iya jira ba. Ke kina da rai. Ki bari tukuna."

Na ce to. Na yi masa godiya, na tashi na kakkaɓe zanena na kama hanyar Fagge.

Ya Allah, ga Baba nan ya zo maka, mai haƙƙi ya sauke masa. Ka jiƙansa, Ka yalwata masa makwanci, Ka sada shi da Inna a inda ba a rabuwa. Ni kuma Ka ba ni tsawon ran da zan jira.